Yelwan Yawuri: Mashigin Kwara da Mutanen Gungu

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi garin Yelwa, hedikwatar masarautar Yawuri a Jihar Kabi, ta fuskar tarihi da labarin ƙasa. Manufarta ita ce nuna cewa tsibiran Kwara su ne ginshiƙin tarihin garin, kuma nutsewarsu a 1968 ta taɓa harshen mazaunansu.

1.0 Gabatarwa

Matafiyin da ya baro Sakkwato ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal da Jega da Koko, a Yelwa zai fara ganin Kwara. Garin yana gaɓar gabas ta kogin, kudu da inda Gulbin Kabi yake zuba ruwansa. Sau biyu Kwara take cika a wannan yanki: cikar damina, wadda ruwan saman ƙasar yake kawowa, da kuma cikar hunturu, wadda take tasowa daga tsaunukan Gini ta iso bayan watanni. Saboda haka jirage ba su cika rasa ruwan tafiya ba.

2.0 Mashigi da Kasuwa

Sai dai a da, a kudu, wajen Busa, duwatsu sun tare kogin. A nan Mungo Park ya halaka a 1806, jim kaɗan bayan ya wuce Yawuri, kuma neman takardunsa yana cikin abin da ya kawo Richard da John Lander fadar Yawuri a 1830. Waɗannan duwatsu sun sa ƙetare kogin ya fi bin tsawonsa riba. A wancan zamani, fataken goro masu zuwa Gwanja sukan sauke kaya a gaɓa, masu jirage su ƙetarar da su zuwa ƙasar Bargu, sarki ya karɓi kuɗin fito. Littafin Mahdi Adamu na 1978 kan rawar Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma ya isa madogara ga mai son bin diddigin waɗannan hanyoyi.

Abin lura shi ne, Yelwa ba ita ce tsohuwar fada ba. Bin Yawuri ce. Bayan jihadi masarautar ta yi amana da Gwandu, ta riƙe gidan sarautarta, amma rikicin cikin gida a tsakiyar ƙarni na 19 ya sa fada ta koma tsibirin Ikum. Sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya dawo da ita tudu, ya zauna Yelwa. Wato har sarakuna tsibiri suka fake a lokacin da tudu ya ƙi zaunuwa.

3.0 Gungawa Bayan Gungu

Kalmar "gungu" tana nufin tsibiri, kuma daga gare ta aka ƙirƙiri "Gungawa" bisa tsarin da ya ba mu Kanawa da Katsinawa. Suna ne da Bahaushe ya raɗa. Su kuwa Reshe suke kiran kansu, harshensu Tsureshe. Manoman albasa ne na ban ruwa, masu tuƙin jirgi, waɗanda suka zauna kafaɗa da kafaɗa da Sarkawa, masunta 'yan asalin Kabi.

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Tafkin da ya taru ya haɗiye duwatsun Busa da tsohon garin Busa da tsibirai da dama, cikinsu har da babban tsibirin Foge, aka tashi dubban mutane zuwa sababbin ƙauyuka a tudu. A can Bagunge ya sami kansa kusa da kasuwa da makaranta da kotun alƙali, kuma dukkansu da Hausa suke magana. Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yawuri a shekarun 1970, ya bayyana yadda Gungawa suke rikiɗewa su zama Hausawa ta hanyar musulunta da sauya sana'a.

A ganin wannan maƙala, ba daidai ba ne a ɗora wa madatsar alhakin sauyin baki ɗaya, domin cuɗanya da fada da fatake ta riga ta da ƙarnuka. Abin da madatsar ta yi shi ne kawar da ruwan da ya kasance katanga tsakanin Tsureshe da Hausa. Aikin da yake gaban masu nazarin karin harshe shi ne tattara kalmomin jirgi da su da noman albasa a Hausar Yawuri daga bakin dattawan da aka haifa a gungu, a tantance wanne aro ne daga Tsureshe, wanne kuma Sarkawa suka zo da shi daga Kabi. Mafi ƙanƙantar waɗannan dattawa ya haura shekara 55.