Yadda Hakimi Zai Shirya Jawabi Ga Jama'a

Jawabin hakimi ba ya ƙarewa a wurin taro, gama dagatai da masu unguwa ne ke kai shi gida gida. Abin da suka kasa maimaitawa, kamar ba a faɗa ba ne.

A ce kaka ta yi, za a tara manoma da makiyaya a gindin Dutsen Kufena, yamma da birnin Zariya, a kan shigar shanu gonaki. Tun ana jibi taro magatakarda zai rubuta abu uku kaɗai, watau ranar gama kwashe dawa, da burtalin da shanu za su bi, da wurin kai ƙara in an yi ɓarna. Lalle ne hakimi ya tabbatar da kowanne wajen Sarkin Noma da Arɗo, domin magana zarar bunu ce.

Ran taro, bayan addu'a da isar da gaisuwar Sarki, ya yi magana sannu sannu, tafinta na juyawa da Fulatanci. Kada ya kunyata kowa a bainar jama'a. Daga ƙarshe ya sa dagaci guda ya maimaita. In ya kuskure, a sake bayani kafin a watse.