Hukuncin Ƙudan Zuma Idan Ya Sauka a Gida

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, sau da yawa tarin ƙudan zuma kan sauka a bishiyar tsakar gida ko bakin zaure, sai a ga maigida ya ɗauko wuta ko maganin feshi. Ya kamata Musulmi ya san abin da zai halaka kafin ya kai hannu.

Allah Ya ɗaukaka wannan halitta, har aka sa wa sura ta 16 sunanta, wato Suratun Nahli. A ayoyi na 68 da 69 aka ambaci ilhamar da aka yi mata game da mazauninta, da warakar da ke cikin zumarta.

Kowace amya sarauniya ɗaya gare ta, aikinta zuba ƙwai, wanda kan wuce 1,000 a yini lokacin yalwar fure. Ƙwan kan ƙyanƙyashe bayan kwana 3, ma'aikaciya kuma ta fito cikakkiya cikin kamar mako 3. Ma'aikatan nan duk mata ne. Sukan fara da shara da reno da ginin saƙa, sannan gadi, daga ƙarshe su fita ɗibar ruwan fure. Wadda ta samo fure takan yi wa 'yan'uwanta kwatance da wata irin rawa, binciken da ya sa Karl von Frisch ya sami lambar Nobel a 1973.

To, idan amya ta cika, sai tsohuwar sarauniya ta yi ƙaura da wani sashe na jama'arta. Su ne akan gani cunkushe a reshe. Baƙi ne masu yada zango, galibi ba su neman faɗa sai an tsokane su, kuma cikin 'yan kwanaki sukan tashi.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe wasu halittu huɗu, ƙudan zuma na cikinsu. Saboda haka abin da ya dace shi ne a janye yara da dabbobi, a bar jifa, a kira masu kiwon zuma su kwashe su cikin amya. Malamai ba su yi rangwamen kisa ba sai cuta ta tabbata kuma babu wata hanyar kawar da ita.

Haka nan mai amya, haƙƙin maƙwabci yana wuyansa. Kada ya rataye ta kusa da hanya, ko rijiya, ko makarantar allo, domin shari'a ta hana cutarwa.

Allah Shi ne Mafi sani.