A Ajiye Sikeli, a Fara Daidaita Ci

Mai fama da ciwon rikicewar cin abinci, ko mai horar da kansa da yunwa har ya rame, ko mai cika ciki ya koma ya ƙaƙaro amai, bai kamata ya sa rage ƙiba a gaba ba. Abin gaggawa shi ne jiki ya sake sabawa da ci a kan kari: sau uku a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Dalili kuwa, yunwa ce uwar haɗama. A wani gwaji da aka yi a Minesota ta Amurka, daga 1944 zuwa 1945, an rage wa maza 36 lafiyayyu kusan rabin abincinsu wata shida. Suka koma ba su da zance sai na girki, da aka sakar musu mara kuma wasunsu suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa.

Wani zai ce, to mai ƙiba da ciwon suga fa? Gaskiya ne, dole a lura da nauyinsa, amma likita ne zai auna shi, ba shi zai riƙa hawa sikeli kullum safe yana ƙirga lomar tuwo ba. Shayin rage tumbi kuwa, da yawansa filasko ne. Ruwa yake fitarwa, kitse na nan daram, yana kuma zubar da sinadarin fotashiyam da bugun zuciya ya dogara da shi. Wanda ya daɗe yana ƙin ci ma, ɗura masa abinci lokaci guda na iya halaka shi. Jama'a, ku kai shi asibiti tukuna.