Rubutun Allon Makunnai Mai Ɗorewa

Allon makunnan wutar sola a shagunan Gure yana buƙatar suna a kan kowane makunni: fanka, firji, fitila. Wani kuskuren da ake yi shi ne buga sunayen da firinta mai tawadar ruwa. Rana tana koɗar da rubutun, gumin hannu ya ƙarasa shi. Firinta mai garin tawada ta fi, musamman idan an lulluɓe takardar da leda, an share ƙurar hunturu kafin a manna.

Zanen leza a kan akirilik ya fi ɗorewa. Amma kada a ƙona robar PVC da leza, domin hayaƙinta yana illata huhu, yana cin ƙarfen injin. A fara gwada zanen a kwali kafin a taɓa allon.