Darasi: Idan Famfon Rijiya Ya Fara Gardama

Famfon tuƙa-tuƙa ba ya mutuwa rana ɗaya. Yakan yi makonni yana ba da alama, mu ne ba mu kula. Wannan darasi domin masu rijiya a gida ne da masu kula da ta unguwa.

A wajenmu gyaran famfo ya wuce zancen wahalar ɗiba. A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ciki har da Dareta, Abare da 'Yargalma. Yara fiye da 400 suka rasu. Gubar ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gida, ana kuma wanke su a kududdufai. Ranar da famfo ya tsaya, irin waɗannan wurare yara ke nufa da bokiti. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da dalma.

Kafin ku ɗauki sifana, ku yi gwaji biyu. Na farko da asuba, kafin kowa ya ɗiba: ku ƙirga sau nawa aka tuƙa kafin ruwa ya fito. Idan ya wuce sau 5, ruwan da ke cikin bututu yana zurarewa ƙasa da dare. Galibi bawul ɗin gindi ne robarsa ta cinye, ko yashi ya maƙale masa, ko kuma mahaɗin bututu ya tsage. Na biyu, ku tuƙa sau 40 cikin minti ɗaya, kuna kai hannun sama da ƙasa sosai, ku tara a bokiti mai awo. Famfon Afridev mai lafiya yana ba da wajen lita 16. In bai kai lita 10 ba, robar da ke ɗago ruwa a cikin silinda ta gaji. Ba ta da tsada, kuma ya kamata a sauya ta duk shekara, ko da ba ta nuna komai ba.

Hannun famfo ma yana magana. In ya yi sakayau kwatsam, ba nauyi ba ruwa, rodi ya kwance ko ya karye. In yana karkaɗawa gefe da gefe yana ƙara, mazauninsa ya cinye. A ɗaure noti, a sauya abin da ya lalace. Samfurin India Mark II yana da sarƙa a kansa, tana son giris. Kada a zuba baƙin mai na inji, zai ɗiga cikin ruwan sha.

Akwai lokacin da laifin ba na famfo ba ne. A watan Afrilu da Mayu ruwan ƙasa yakan ja baya. Alamarsa, a sami ruwa da safe, da rana ya yanke, bayan an huta ya dawo, wani lokaci da laka. Sauya roba ba zai yi magani ba. Sai a ƙara bututu in zurfin rijiyar ya yarda, ko a tsara lokutan ɗiba. Da yawa sun kashe kuɗi a banza a nan, domin mai sayar da kaya ba zai ce maka kada ka saya ba.

Afridev ana iya zaro rodi da bawul ɗinsa ba tare da an ɗaga bututu ba, mutum biyu sun isa. India Mark II kuwa sai an ciro bututun duka, ga nauyi, in ya kuɓuce ya faɗa rijiya aiki ya lalace. Wannan a kira makanike. Duk abin da aka ciro a shimfiɗa shi a kan tabarma mai tsabta, ba a ƙasa ba, kuma wanda ya dawo daga wajen haƙa ya yi wanka ya sake tufa kafin ya sa hannu.

Ku duba daɓen siminti na bakin rijiya kowane mako. In ya tsage, ruwan wanki da ƙurar tsakar gida za su bi ta nan su koma ciki. A liƙe shi kafin damina ta sauka, kuma kada a daka dutse ko a wanke shi kusa da rijiyar.