Mai Zana Shafin Intanet a Mafara: Fara da Mutanen Gida

Matashin da ya gama karatun kwamfuta a Abdu Gusau Polytechnic, hannunsa ya faɗa da WordPress, yakan ɗauka abincinsa yana Fiverr ko Upwork, inda ake biya da dala. Can kuwa zai tarar 'yan Indiya da Pakistan masu tarin shaidar aiki sun riga shi shimfiɗa tabarma. Ɗan'uwa, fara da gida.

Mai makarantar kuɗi da ke son iyaye su duba sakamakon yara ta waya, da mai asibiti, da dillalin shinkafar Bakolori mai neman masu saye daga nesa, su ne mutanenka. In ka ce wa Alhaji za ka yi masa shafi, zai ce yana da WhatsApp, kuma da gaskiyarsa. Ciro wayarka ka nuna masa wahalar da za ka ɗauke masa: fom ɗin ɗaukar ɗalibai, biyan kuɗi ta Paystack, shagonsa a taswirar Google. Kada ka jibga manyan hotuna, domin a Bakura da Maradun da ƙaramar waya za a buɗe shafin, ga tsadar data.

Karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ku rubuta sau nawa za a yi gyara. Wanda bai rubuta ba zai shekara yana canza launi kyauta.

Ribar sana'ar nan tana wajen kula da shafi bayan an gama. Sunan shafi da masaukinsa duk shekara ake sabunta su, don haka ku yanke kuɗin shekara tun ranar farko, har da ladan kulawarka. Sunan .com.ng, wanda NiRA ke kula da shi, da naira ake biya, tashin dala ba ya girgiza ka. Ka yi rajistarsa da sunan mai shi. Masu riƙe shafin mutane don an saɓa sun ɓata wa sana'ar suna, kuma cin amana ne.

Wanda ya ga watan Satumban 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara, ba sai an tuna masa ba. Saka XAMPP ka riƙa gini a kwamfutarka ko babu intanet, ka ajiye kwafin kowane aiki, ka riƙe layi biyu da ɗan sola.

In ka haɗa ayyuka uku masu rai, yi rajistar sunan sana'a a CAC, sannan ka tunkari Gusau da Sakkwato, Upwork ta biyo baya.