Darasi: Karatun Ci Gaba Mai Ɗorewa da Amfaninsa ga Ɗan Kasuwa

Ci gaba mai ɗorewa, bisa ma'anar da rahoton kwamitin Brundtland ya bayar a 1987, shi ne biyan bukatun yau ba tare da tauye haƙƙin 'yan baya ba. Digiri na biyu a wannan fanni yakan haɗa tattalin arziki da dokokin muhalli da nazarin manufofin gwamnati. Jami'ar Ibadan na cikin masu koyar da shi.

Inda abin ya shafi ɗan kasuwa shi ne doka. Bayan da aka jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko a 1988, gwamnati ta kafa hukumar FEPA. Dokar Soja ta 86 ta 1992 kuma ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a soma su. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta sha rufe masana'antun da suka saɓa ƙa'ida.

Saboda haka, mai majema ko masaƙa da ya ɗauki nauyin wannan karatu ga ma'aikacinsa, jari ya zuba. Sai dai ya tabbatar manhajar ta ƙunshi lissafin riba da hasarar ayyuka, da kuma horo a cikin masana'anta.